Kiɗan Masu Aikin Ƙarfe a Gidan Rediyo: Wane Ne Ubangida?



Ina godiya ga waɗanda suka shirya wannan lacca, da suka ga ya dace in tsaya gabanku a yau. Da aka ba ni zaɓin abin da zan yi magana a kai, sai na ɗauko abin da wataƙila wasunku za su ce wasa ne, watau kiɗa da waƙa. Ina roƙonku ku yi mini haƙuri har mu kai ƙarshe, domin a ƙarƙashin wannan wasa akwai magana mai nauyi, wadda ta shafi darajar mutumin da ke ci da guminsa, ta kuma shafi aikin da yawancinku kuke yi, ko kuwa za ku yi nan gaba, a ma'aikatu da hukumomi.

Cikin shekarar 1936 wani kamfanin ƙarfe a Amurka ya buɗe wani shiri a rediyo, wanda ma'aikatansa ne da kansu suke kiɗa da waƙa a ciki, kamfanin kuma yana biyan kuɗin lokacin. Zan zo kan wannan labari. Amma mu da muke zaune a gindin Dala ba baƙin ƙarfe ba ne, ba kuma baƙin kiɗan masu aikin ƙarfe ba ne, saboda haka daga gida zan fara. Ina so ku riƙe tambayoyi uku a zuciya, waɗanda za mu yi ta komawa kansu: wa ke yin kiɗan, wa ake yaba wa a cikinsa, wa kuma ke biya?

Ƙarfe a gindin Dala

Labarin da aka gada daga bakin Abagayawa ya ce kakansu, wani maƙeri mai suna Kano, ya taso ne daga Gaya yana neman tama, ya same ta a wajen Dala, ya zauna. Masu tonon ƙasa don binciken tarihi sun ƙarfafa gindin wannan labari, domin sun sami alamun narka tama a wurin, awon da aka yi kuma ya nuna wajen ƙarni na 7 na Miladiyya. Idan muka tuna cewa lissafin da aka saba yi wa Tarihin Kano ya sa zuwan Bagauda a shekarar 999, to ashe wutar maƙera ta girmi sarautar Kano da fiye da shekara ɗari uku. Har Ƙofar Mazugal ma ana danganta sunanta da zugar wuta.

Ba sai na tsawaita ba wajen bayyana matsayin maƙeri a tsohuwar rayuwar birni da ƙauye. Manomi ba ya fita gona sai da fartanya da garma da lauje. Mahauci na bukatar wuƙa, wanzami na bukatar aska, masassaƙi na bukatar gatari, barde na bukatar takobi da mashi da linzami da likkafa. Dukansu a ƙofar maƙeri suke tsayawa. Akwai maƙeran baƙi, masu aikin baƙin ƙarfe, akwai kuma maƙeran fari, masu aikin azurfa da tagulla da makamantansu, sa'an nan akwai Sarkin Maƙera wanda ke tsakaninsu da fada. Baturen nan masanin Hausa, Philip Jaggar, ya zauna da maƙeran birnin Kano a farkon shekarun 1970, littafin da ya rubuta a kansu kuma ya fito cikin 1994. Ina ba ɗalibai shawara su neme shi.

Duk wanda ya taɓa tsayawa a bakin maƙera ya san cewa aikin kansa yana da kiɗa. Yaro na zuga zugazugi, maigida na riƙe da jan ƙarfe da awartaki, masaba na sauka a kan uwar maƙera, ɗaya na bin ɗaya ba tare da sun yi karo ba. Hausawa suka ce ƙarfe ɗaya ba ya amo. Lalle wanda ya fara faɗin wannan karin magana ya daɗe yana sauraron maƙera.

Kiɗan sana'a

A ƙasar Hausa kowace babbar sana'a tana da makaɗanta. Kalangu na mahauta ne tun asali, gangar noma ta manoma ce, dundufa kuwa ta maƙera ce, kamar yadda tambari da kakaki suke na sarakuna. David Ames da Anthony King sun tattara waɗannan sunaye da ma'anoninsu a littafinsu na kalmomin kiɗan Hausa cikin 1971. Abin lura a nan shi ne, maƙeri ba ya yi wa kansa kiɗa. Yana da makaɗinsa, wanda yawanci gadon abin ya yi, kamar yadda shi ma maƙerin ya gaji masaba. Ranar biki ko suna, ko salla, ko naɗin sarautar maƙera, sai mai dundufa ya zo ya kaɗa taken gidan, ya ambaci iyaye da kakanni, ya yi wa maigida kirari. Idan jini ya hau, sai ka ga maƙera sun tsuma sun shiga wasan wuta, suna ɗaukar jan ƙarfe a gaban jama'a don nuna cewa gado ba karambani ba ne. Bayan haka maƙeri ya yi wa makaɗinsa kyauta, ko kuɗi, ko riga, ko hatsi.

To mu gwada tambayoyinmu uku a kan wannan tsari. Makaɗi ke kiɗa. Maƙeri ake yaba wa. Maƙeri ke biya. Watau mai aikin ƙarfe shi ne ubangida. Abin da ake yabo a wurinsa kuwa shi ne gwanintarsa, da juriyarsa gaban wuta, da asalinsa a cikin sana'ar. Masanin zaman jama'a M. G. Smith ya nuna a wata maƙala tasa ta 1957 cewa roƙo a ƙasar Hausa hanya ce ta bayyana wa jama'a matsayin kowa, da halayen da ake so a gani wurin mai wannan matsayi. Saboda haka idan aka kaɗa wa maƙeri dundufa, ana shaida wa gari ne cewa wannan mutum mai baƙin hannu yana da daraja irin tasa, wadda ba sarki ne ya ba shi ba, ba kuma attajiri ba.

Kada in yi wa jiya kwalliyar da ba ta da ita. Makaɗin nan ana yi masa kallon na ƙasa, kuma yabonsa yakan bi nauyin kyauta. Yaron da ke zuga tun safe har la'asar ba kasafai ake jin sunansa a take ba. Amma makaɗi yana da makami guda, watau zambo da habaici. Marowaci ya san abin da ke jiransa a bainar jama'a. Ta haka kowane ɓangare yake riƙe da igiyar ɗan'uwansa, kuma dukansu biyu a unguwa ɗaya suke kwana.

Jirgin ƙasa da lasifika

Abubuwa biyu suka sauya wannan tsari. Na farko jirgin ƙasa, wanda ya iso Kano cikin 1911. Jirgin da ya kwashe dalar gyaɗa zuwa Ikko shi ne ya kawo ƙarfen Turai da kayan da aka ƙera a can. Sannu a hankali narka tama ya mutu, maƙera suka koma ga tarkacen jirgi da na mota. Daga baya masana'antu suka tashi a Bompai da Sharaɗa da Challawa, aka sami sabon mutum a birni, watau leburan kamfani, wanda ke shiga aiki da jiniya, ya tashi da jiniya, ya jira albashi. Wannan mutum ba shi da take, ba shi da makaɗi, domin aikinsa ba gado ba ne, injin da yake tsaye a gabansa kuma ba nasa ba ne.

Na biyu rediyo. Cikin 1944, zamanin Sarki Abdullahi Bayero, aka fara kafa lasifikoki a wuraren taruwar jama'a a Kano, ana aiko musu da magana ta waya. Sashen Hausa na BBC ya fara cikin 1957, gidan Rediyo da Talabijin na Kaduna kuma cikin 1962. Rediyo ya yi wa makaɗan Hausa babban alheri. Muryar Mamman Shata da ta Musa Ɗanƙwairo da ta Ɗan Anace sun kai inda ƙafarsu ba ta taɓa takawa ba. Amma ya zo da wata matsala wadda ba a cika kula da ita ba. A dandali, wanda kiɗa ya yi wa daɗi yakan tashi ya liƙa wa makaɗi kuɗi a goshi. Mai sauraron rediyo ba shi da hanyar yin haka. Dole ne wani dabam ya biya, ko gwamnati, ko mai talla. Kowa ya ci ladan kuturu kuwa sai ya yi masa aski. Tun daga ranar da aka raba mai jin kiɗa da mai biyan kiɗa, maganar ubangida ta zama sabuwa.

Labarin Wheeling

Yanzu sai mu ƙetare teku mu ga yadda wasu suka amsa wannan magana. Wheeling gari ne a bakin Kogin Ohio, cikin Jihar West Virginia ta Amurka, kuma a wancan zamani garin ƙarfe ne. Babban kamfanin wurin shi ne Wheeling Steel. Shugaban sashen tallansa, John L. Grimes, shi ya kawo shawarar cewa maimakon a yi hayar shahararrun mawaƙa daga New York, a nemo masu murya da masu busa daga cikin ma'aikatan kamfanin da iyalansu. A watan Nuwamba na 1936 aka fara shirin a gidan rediyon garin mai suna WWVA. Sunan shirin It's Wheeling Steel, watau kamar a ce ga ƙarfen Wheeling. Rukunin makaɗansa kuma ana kiransu Musical Steelmakers, abin da za mu iya cewa makaɗa maƙera. Rabin sa'a ne kowace Lahadi. Idan mutum zai fito, sai a faɗi sunansa da aikinsa a kamfani, ko mai tsaron inji ne, ko akawu, ko mai buga tafireta, ko 'yar wani ma'aikaci, sa'an nan ya yi waƙarsa. A tsakani kuma a yi tallar kayan kamfanin.

Shirin ya karɓu ƙwarai. Ba a daɗe ba gidajen rediyon da ke ƙarƙashin Mutual suka ɗauke shi zuwa wasu jihohi. Cikin 1939 ma'aikatan suka yi wasa a babban bajekolin duniya na New York a gaban dubban mutane. Cikin 1941 shirin ya koma NBC, ana jinsa a faɗin ƙasar. Lokacin Yaƙin Duniya na Biyu sun yi yawon wasa suna jawo hankalin jama'a su sayi takardun lamunin gwamnati don sayen jiragen yaƙi. An rufe shirin cikin 1944, sa'ad da lafiyar Grimes ta raunana. Ku lura da wannan shekara. Shekarar da muryar ma'aikatan Wheeling ta ɗauke, ita ce shekarar da lasifika ta fara magana a Kano.

Yabon gwani ya zama dole. Wannan shiri ya yi abin kirki. Mutumin da bai wuce lamba a takardar albashi ba, ranar Lahadi sai ga sunansa a kunnen ƙasa baki ɗaya, matarsa da 'ya'yansa suna ji. Ran Litinin idan ya koma bakin tanderu, abokan aikinsa da manajansa sun san cewa akwai wani abu a cikinsa ban da ƙarfin damtse. Duk wanda ya taɓa yin aikin da ba a san da shi ba ya san wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Amma mu duba zamanin da abin ya faru. Cikin 1935 Amurka ta yi dokar da ta tabbatar wa ma'aikata 'yancin kafa ƙungiyar ƙwadago. Cikin 1936, shekarar da aka fara shirin, aka kafa kwamitin haɗa kan ma'aikatan ƙarfe na ƙasar. Cikin 1937 aka yi babban yajin aiki a wasu kamfanonin ƙarfe, har 'yan sanda suka buɗe wuta a kan masu zanga-zanga a Chicago ran 30 ga Mayu, mutum goma suka mutu. Wannan bai faru a kamfanin Wheeling ba, kuma ba na ɗora masa laifin wasu. Abin da nake nufi shi ne, a daidai lokacin da ma'aikatan ƙarfe suke gwagwarmaya kan albashi da sa'o'in aiki da haɗarin wuta, abin da ake ji daga bakinsu ranar Lahadi shi ne waƙoƙin yayi da na soyayya da na nishaɗi, da hoton kamfani a matsayin gida ɗaya mai zaman lafiya. Sashen talla ne ya haifi shirin, kuma an shirya shi ne don sayar da kaya da kyautata zama tsakanin kamfani da ma'aikata. Murya ta ma'aikaci ce, amma zaɓin abin da za ta faɗa yana hannun wani.

Mu sake gwada tambayoyinmu. Ma'aikaci ke kiɗa. Kamfani ake yaba wa. Kamfani ke biya. Kun ga abin ya juye. Mai aikin ƙarfe, wanda a gindin Dala shi ake kaɗa wa dundufa, a Wheeling shi ya zama makaɗi, kuma makaɗin da ba shi da damar zambo, domin ubangidan kiɗansa shi ne mai biyansa albashi.

Mu kuma fa?

Idan muka dawo gida muka saurari gidajen rediyonmu, tun daga zamanin Rediyon Kaduna har zuwa bayan 1992 da aka ba 'yan kasuwa izinin buɗe nasu, har Freedom Radio ta buɗe a Kano cikin 2003, wasu kuma suka biyo baya, za mu ga tsari na uku. Mawaƙi ke waƙa. Kamfani, ko attajiri, ko ɗan siyasa ake yaba wa. Su ne kuma ke biya. Mai aikin hannu ya fita daga lissafi gaba ɗaya. Ba shi ne makaɗi ba, ba shi ake wa kiɗa ba. Nasa sauraro ne, da rediyo rataye a jikin ƙusa a shagonsa, da sayen abin da ake talla. A ganina wannan ya fi na Wheeling rauni, domin a can ko ba komai an faɗi sunansa.

Akwai waɗanda suka saɓa wa wannan, kuma sun cancanci ambato. Ɗanmaraya Jos, wanda ya rasu cikin 2015, ya ɗauki kuntiginsa ya yi wa karen mota waƙa, mutumin da ba shi da abin da zai ba maroƙi. Ɗan Anace ya waƙe manoma da 'yan dambe. Shata ma, wanda Ɗandatti Abdulƙadir ya yi digirinsa na uku a kansa a Jami'ar Indiana cikin 1975, bai tsaya ga sarakuna da attajirai kaɗai ba. Abin da ya ba su wannan dama shi ne ba su dogara ga ubangida ɗaya ba. Suna da dandali, suna da faifai da kaset, suna da dubban masoya masu ba da kaɗan-kaɗan. Makaɗin da ke da iyayengiji dubu ya fi mai ubangida ɗaya 'yanci.

Wani zai ce, ai mu ma mun yi manyan masana'antun ƙarfe. Gaskiya ne. Cikin 1979 aka ƙulla yarjejeniyar gina Ajaokuta da wani kamfanin Tarayyar Sobiyet. Cikin 1982 aka buɗe masana'antar Aladja, aka kuma gina kamfanonin mulmula ƙarfe uku a Katsina da Jos da Oshogbo, kowanne an tsara shi ya fitar da tan 210,000 a shekara. Kun san yadda labarin ya kasance. Ajaokuta ba ta kai ga cika alkawarinta ba, na mulmula kuma suka yi ta fama da rashin ɗanyen ƙarfe har gwamnati ta sayar da su. Sa'an nan manyan ma'aikatunmu, da suka tashi neman suna, ƙwallo suka fi zaɓa, kamar DIC Bees da UNTL a Kaduna. Maƙwabtanmu na Mali sun bi wata hanya. Cikin 1970 hukumar jirgin ƙasarsu ta ɗauki nauyin Rail Band a Bamako, inda Salif Keita da Mory Kanté suka yi suna. A Ingila kuwa, masaƙu da ma'adinan kwal sun daɗe da rukunin masu busa ƙaho. Na Grimethorpe, wanda aka kafa cikin 1917, ya rayu bayan an rufe ramin kwal ɗin cikin 1993.

To ina masu aikin ƙarfenmu suke a yau? Ba su yi nisa ba. Ku fita daga nan ku bi ta Ƙofar Ruwa, ku ga masu yankan rodi da masu tsinto tsofaffin ƙarafa. Ku duba masu walda a kowane lungu, masu ƙera ƙofofi da tagogi da gadaje, da masu narka gorar ruwa su zuba tukwane, da tsofaffin maƙeran da har yanzu manomi ba ya shiga damina sai ya biya ta wurinsu. Waɗannan su ne jikokin Abagayawa a sana'a, ko da ba a jini ba. Suna da ƙungiyoyi, suna da shugabanni, kuma na tabbata a cikinsu akwai masu murya da masu hikimar baka. Abin da ba su da shi shi ne fili.

Shawarwari

Ba na cikin masu cewa kuɗin kamfani haramun ne ga kiɗa. Gidan rediyo na bukatar man janareto da albashin ma'aikata, makaɗi kuma na bukatar tuwo. Idan gobe wani kamfani ya ce zai ɗauki nauyin shirin da masu aikin ƙarfe na Kano za su fito su yi kiɗa da waƙa, ni ne na farkon da zai yi maraba. Amma ku da takardar za ta biyo ta teburinku, a gidan rediyo, ko a ma'aikatar watsa labarai, ko a hukumar al'adu, ina roƙonku ku tsaya kan sharuɗɗa huɗu.

Na farko, zaɓin waƙoƙi ya kasance a hannun wani kwamiti wanda masu sana'ar da kansu suke da rinjaye a cikinsa. Kamfani ya sayi lokaci, ya sayi ambaton sunansa a farko da ƙarshe, amma kada a sayar masa da abin da ke tsakani. Idan mai walda yana so ya waƙe tsadar gas, ko ciwon ido, ko ɗauke wutar lantarki, a bar shi.

Na biyu, a raba talla da waƙa rabuwar da ko yaro zai gane. Mai sauraro yana da hakkin ya san lokacin da ake nishaɗantar da shi da lokacin da ake sayar masa da kaya.

Na uku, a biya kowane mai fitowa, a kuma rubuta a takarda cewa waƙarsa tasa ce. Idan ma'aikacin kamfanin ne, a tabbatar cewa fitowa ko ƙin fitowa ba su shafi aikinsa ba. Waƙar da aka yi don tsoron kora ba ta da albarka.

Na huɗu, kowane shiri da aka watsa a ajiye kwafinsa a jami'a. A nan ma Wheeling tana da abin koya mana. Kamfanin ya haɗe da wani cikin 1968, ya shiga fatara cikin 1985, ya yi ta sauya hannu har tanderunsa suka mutu. Amma faya-fayan shirin suna ajiye a ɗakin karatu na Jami'ar West Virginia, jikokin ma'aikatan suna iya jin muryar kakanninsu. Abin da aka yi don talla ya zama tarihi, saboda wani ya kula ya adana.

Ku kuma ɗalibai, naku aikin ba ya jiran kamfani. Kowannenku yana ɗauke da waya a aljihu wadda ta fi na'urar da Ames da King suka yi yawo da ita iya ɗaukar murya. Masu kaɗa dundufa suna tsufa, 'ya'yansu da yawa sun kama wasu sana'o'i. Ku tambayi Sarkin Maƙeran garinku ko na ƙauyenku wa ke yi musu kiɗa. Ku je da ladabi, ku gaida dattijo, ku nemi izininsa, ku yi masa alheri gwargwadon hali kamar yadda al'ada ta tanada. Ku ɗauki taken kowane gida da kirarinsa, ku rubuta sunan mai kiɗa da garinsa da ranar da kuka ɗauka, ku kawo wa sashen nazarin harsunan Nijeriya. Duk taken da ya bi mai shi kabari, babu kuɗin da zai dawo da shi.

Kammalawa

Jama'a, mun ga tsari uku. A gindin Dala mai aikin ƙarfe shi ne ubangida. A Wheeling ya zama makaɗin kamfani. A rediyonmu ya koma ɗan sauraro. Ba za mu iya komawa zamanin tama da zugazugi ba, kuma ban ce mu koma ba, domin idan kiɗa ya sauya, rawa ma sai ta sauya. Abin da za mu iya ɗaukowa daga can shi ne fahimtar kakanninmu cewa mutumin da ke ƙera fartanya ya isa a kira sunansa a gaban jama'a, a yabe shi da aikinsa. Abin da za mu iya ɗaukowa daga Wheeling shi ne cewa shi ma yana iya tsayawa gaban makirufo. Haɗa waɗannan biyu, ta yadda zai yi magana da bakinsa a kan rayuwarsa, wannan aiki ne da ke jiran masu sa hannu a takardu da masu rubuta kundin digiri, watau ku.

 Inda na yi daidai Allah ya amfane mu da shi, inda na yi kuskure ina fatan malamaina da ke nan za su gyara mini a lokacin tambayoyi. Allah ya albarkaci sana'o'inmu, ya ba ƙasarmu lafiya da zaman lafiya.